Kalmar "confinement": ɗauri ce, kulle ne, ko jego?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu Turanci ku taimaka mini don Allah. A takardar hutun haihuwa da aka raba mana a wurin aiki an rubuta wai ba za a bar mace ta yi aiki ba har mako shida bayan "confinement" ɗinta. Ni a sanina wannan kalma ta 'yan gidan yari ce. Me ya haɗa mai jego da fursuna? Ko mai buga takardar ne ya yi tuntuɓe?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya ai ba su yi ƙarya ba. Kwana arba'in ba fita ba leƙe, ga tsohuwa a bakin ƙofa tana gadi. In ba ɗauri ba mene ne? 😂

Uwar Biyu: Kai dai Alhaji ba ka rabo da tsokana. Ku da ke cinye rabin kaurin mai jego.

Barista: Hajiya ba tuntuɓe ba ne, daga doka suka kwafo. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka yi a 1974, shi ya ce mace na da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita cewa saura mako shida ta haihu, kuma ba a yarda ta koma ba sai ta cika mako shida bayan haihuwa. Idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Duk inda dokar za ta ce haihuwa, "confinement" take cewa. Su ma masu dokar ba su suka ƙirƙiro jimlar ba. Kusan kalma da kalma haka take a yarjejeniyar kare masu haihuwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Washington a 1919. Sabuwar yarjejeniyar ta 2000 ta jefar da kalmar, ta koma cewa "childbirth" kai tsaye, ta kuma kai hutun mako 14. Mu ne muke riƙe da tsohon yayi.

Abin lura, a bakin doka kalmar na nufin haihuwar kanta ne. Ba zaman ɗakin ba.

Tsohon Malamin Turanci: Barista ya gama da doka, bari in ɗan tono saiwa. Kalmar ta shigo Turanci daga Faransanci, Faransanci kuma ya gada daga Latin. Gaɓa biyu ce: "con", wato tare, da "finis", wato iyaka ko ƙarshe. A Latin "confinis" shi ne wanda kuka haɗa iyaka da shi, kamar maƙwabcin gona. Ku duba da kyau, babu kwaɗo, babu sarƙa, babu mari a cikin asalin. Iyaka kawai.

Da ta shigo Turanci ma da wannan ma'anar ta zo. Wajen 1400 ana cewa "confines" ana nufin kan iyakar ƙasa. A farkon ƙarni na 16 idan aka ce ƙasa kaza "confines with" ƙasa kaza, ana nufin suna maƙwabtaka. Sai can ƙarshen ƙarnin ma'anar ta juya, daga zama a bakin iyaka ta koma a sa mutum cikin iyaka a hana shi tsallakewa. "Confinement" kuma a ƙarni na 17 ta bayyana. Ma'anar haihuwa ita ce autarsu, sai a ƙarni na 18.

'Yan uwanta na jini suna da yawa, kullum kuna faɗarsu: finish, final, define, infinite. Har "fine" na tara da "finance" na kuɗi, domin biyan kuɗi shi ke kawo ƙarshen rigima ko bashi.

Ɗalibin Jami'a: Baba Malam Allah ya ƙara lafiya. Amma me ya sa Bature zai bar kalmar haihuwa ya ɗauko ta tsarewa?

Tsohon Malamin Turanci: Kunya, ɗana. Kada ka ɗauka Bahaushe kaɗai ke da ita. Mu ma ai ba kasafai muke cewa "ta haihu" a gaban surukai ba, sai mu ce ta sauka, ko an samu ƙaruwa. Mai ciki mu ce tana da juna biyu. Turawan wancan zamani, musamman masu hali, sun ga ambaton haihuwa a fili rashin ta ido ne, sai suka fake da abin da kowa ke gani, wato matar ta daina fitowa. Kuma da gaske take daina fitowa. A gidan sarautar Ingila na zamanin Tudor, sarauniya kan shiga ɗaki makonni kafin haihuwa, a rufe tagogi da labule masu kauri, mata zalla ke shiga, ko sarki ba ya leƙawa. Tsohon sunan abin "lying-in", kwanciya a ciki. Asibitocin haihuwa na farko ma da sunan ake kiransu, irin wanda aka buɗe a Dublin a 1745. Bayan haihuwa sai ta yi wajen kwana arba'in kafin ta je coci a yi mata addu'a ta koma cikin jama'a.

Ungozoma: Wannan haka yake. Mu da muka yi makarantar ungozoma da daɗewa, a tsofaffin littattafanmu EDC ake rubutawa a gurbin ranar da ake sa ran haihuwa, C ɗin nan kuwa ita ce kalmar da kuke magana a kai. Yanzu katin awo EDD za ku gani, an musanya ta da "delivery". Lissafin dai bai canja ba, kwana 280 daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe.

Amma kada a ce kalmar ta mutu. Wata da muka yi aiki tare ta zauna a Malesiya, ta ce can da Singafo har yau "confinement" suke cewa, kuma jego suke nufi sak irin namu. Sinawa wata guda suke yi, Malayawa kwana 44. Har sana'a ce, ana ɗaukar mace a biya ta ta zo ta zauna da mai jego, ta dafa mata abincin jego, ta yi wa jariri wanka. Aikin da iya ko gwaggo ke yi mana kyauta.

Ɗan Kwari: Kyauta? Anti ba ki taɓa sallamar tsohuwa ranar arba'in ba ke nan. Turmin atamfa, sabulu, ga kuɗin mota.

Tafinta: Ni abin da ke ba ni wahala a aiki shi ne kalmar guda ce a Turanci, amma da ka zo Hausa sai ta tarwatse. 'Yan sanda sun riƙe mutum, tsarewa. Alkali ya yanke hukunci, ɗauri. Cuta ce, killacewa. Gwamnati ta hana fita, dokar kulle. Haihuwa, jego. Miji ya rasu, takaba. Don ibada ne, halwa ko i'itikafi. Bahaushe ba ya yarda ya faɗi cewa mutum na cikin iyaka sai ya gaya maka wa ya shata iyakar da dalilinsa. Bature kuwa ya bar maka ka gano daga sauran zancen. Shi ya sa duk wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki fassara ta farko zai kai mai jego gidan yari.

Mai Gyaran Waya: Ni ban ga abin wahala ba Malam. "Kulle" ta ɗauke duka. An kulle fursuna, an kulle gari, matar kulle. Ku masu boko kuna son tsawaita abu.

Tafinta: To fassara mini wannan da kulle: likita ya ce cutar "is confined to the left lung".

Mai Gyaran Waya: An kulle cutar a huhun hagu. 😅

Tafinta: Ka ji da kunnenka. Cutar ta tsaya a huhun hagu, ba ta bazu ba. Nan maganar Baba Malam ta fito, iyaka ce ba kwaɗo ba.

Malama Mai Islamiyya: Tunda an ambaci matar kulle bari in sa baki. Na sha ganin masu rubutu da Turanci suna fassara auren kulle da wannan kalma, kuma ba na jin daɗinsa. Wanda ya karanta zai ɗauka mata ne a kurkuku. Kakata matar kulle ce a cikin birni, amma daga ɗakinta take juya kuɗin da ya fi na mijinta: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, adashi, yara na kai da kawowa. Da dare ta fita unguwa, biki da suna ba ya wuce ta. Ban ce kowa haka ta samu ba, akwai waɗanda aka zalunta da sunan kulle, har asibiti a hana su. Amma kalmar da ta fi kusa ita ce "seclusion", ko "purdah" da Turawa suka aro daga Indiya, wadda asalinta labule take nufi.

Uwar Biyu: Malama ni kuma a nan na ɗan saɓa miki. Idan mace na son fita aka hana ta, ko da labulen alharini ne sunansa tsarewa. Wadda ta zaɓa daban, wadda aka zaɓar mata daban.

Malama Mai Islamiyya: Ai ba mu saɓa ba 'yar uwa. Cewa na yi kada a yi musu kuɗin goro.

Uwar Biyu: Mun ɗan saɓa dai. Ke kin fara da kakarki, ni na fara da maƙwabciyata.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ku kuna neman kalmar a takarda, mu a rediyo muka sha ta har ta ishe mu. A Faransanci ita ce sunan dokar kullen korona. Faransa ta shiga "confinement" ran 17 ga Maris 2020, ta fara fita ran 11 ga Mayu, fitar kuma suka ce mata "déconfinement". Sai da suka sake shiga har sau biyu bayan nan. A nan Nijar ba a kulle mutane cikin gida haka ba, an dai rufe shiga da fita Yamai, aka sa dokar hana yawon dare, aka rufe masallatai na wani lokaci. Amma kowa ya iya kalmar, har tsofaffi, "kwanfinma" suke cewa.

Tsohon Malamin Turanci: Madalla da mutumin Katsinar Maraɗi. Abin sha'awa shi ne Turancin Ingila bai ɗauki tasa kalmar ba a 2020, ya tsallake ta ya ɗauko "lockdown". Ita kuwa wannan a gidajen yarin Amurka ta yi tashe a shekarun 1970, lokacin da ake kulle fursunoni duka a ɗakunansu idan an yi tarzoma. Ƙamus ɗin Collins ma ita ya zaɓa kalmar shekarar 2020. Wato mai kwaɗon a jikinta ita aka ba mu, mai iyakar aka bar wa Faransawa.

Ɗan Kwari: Mu dai kwaɗon muka gani. Legas da Abuja tun 30 ga Maris, mu Kano ran 16 ga Afrilu, ga azumi ya kawo kai. Sai Buhari ya zo ran 27 ya ƙara mana mako biyu. Kasuwa a rufe, kaya a shago, masu bashi kuma wayarsu ba a kulle ta ba.

Ɗalibin Jami'a: Baba Malam, "quarantine" fa? Na ga ana yaɗawa cewa daga wurin Musulmi Turawa suka samo, wai arba'in ɗin tamu ce.

Tsohon Malamin Turanci: Arba'in ɗin gaskiya ce, daga "quaranta" na Italiyanci, kwanakin da jirgin ruwa ke yi a tsaye kafin a bar mutanensa su sauka a birnin Banis na Italiya. Amma dokar farko da aka rubuta ta birnin Ragusa ce, Dubrovnik ta yau a Kuroshiya, a 1377, kuma kwana talatin ta ce. Daga baya aka kai arba'in. Abin da yake namu tabbas shi ne hadisin annoba da ke cikin Bukhari da Muslim: in kun ji tana wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita. Da shi Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Wannan ya riga Ragusa da shekara ɗari bakwai da ɗoriya, sai dai babu adadin kwana a cikinsa. Mu riƙe abin da yake namu, ya ishe mu alfahari.

Ga wani abin dariya: a ƙasashen Latin Amurka masu Sifaniyanci, arba'in ɗin mai jego "cuarentena" suke ce mata, kalma ɗaya da killace mai cuta.

Malama Mai Islamiyya: Ƙarin bayani kaɗan, don mutane na haɗa arba'in da hukuncin addini. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon jinin biƙi kwana sittin ne, haka yake a Risala. Arba'in ta Hanafiyya da Hambaliyya ce. Kuma da jini ya ɗauke, ko bayan mako guda ne, wanka za ta yi ta kama salla. Zaman arba'in da wankan ganye al'ada ce.

Ungozoma: Al'adar ma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka gano yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da ruwan wanka mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Hutu muna so. Dafa mace ne ba ma so.

Barista: Bari in dawo da mu kotu. A dokar Final Kod (Penal Code) ta Arewa, wato dokar hukunta laifuka, wadda ta fara aiki a 1960 kuma aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan da ta Indiya, laifi biyu ne a jere. "Wrongful restraint" shi ne ka tare wa mutum hanya guda, ka hana shi bin inda yake da ikon bi. "Wrongful confinement" kuma ka kewaye shi ta ko'ina, ya zama akwai iyakar da ba zai iya wucewa ba. Na biyun ya fi nauyin hukunci. Kuma ba sai da ɗaki ba. Ka tsayar da mutum a fili ka ce in ya matsa za ka harbe shi, ka aikata. Masu kulle yaron shago a sito saboda kuɗi sun ɓata, da masu riƙe mai bashi a gida sai an kawo kuɗi, su sani.

Tafinta: Barista, ɗaurin talala fa? Kullum ina ganin ita ce ta fi kowace kalmar Hausa kusa da asalin Latin ɗin. Talala ai doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba ta yi kiwo, tana yawo amma iya tsawon igiyar.

Barista: Sosai. Italiya ma sun taɓa yin irinsa, da kalmar gidan nan suka kira shi, "confino". Gwamnatin Mussolini ta kafa shi a 1926: ba a kai ka kurkuku, sai a tura ka wani tsibiri kamar Ustica ko Lipari ko wani ƙauye can kudu, ka yi yawo cikin gari amma ba ka fita. Mu kuma sarakuna aka fi yi wa. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu zuwa Yola sannan Lakwaja bayan 1903, can ya rasu a 1926. Sarki Sanusi na ɗaya Azare a 1963. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, gwamnatin Abacha ta kai shi Zing a Taraba a 1996. Sanusi na biyu Loko sannan Awe a Maris 2020, kuma a 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce wannan korar ta saɓa wa tsarin mulki.

Mai Kula da Zaure: Barista a tsaya iya tarihi don Allah. Kada a shigo mana da rigimar masarauta, mun san inda take kai mu.

Tsohon Gandiroba: Ranku ya daɗe. Ni wadda na sani ita ce "solitary confinement", a ware mutum shi kaɗai a ɗaki. Wanda bai gani ba zai ce ai hutu ne, ba cunkoso ba wari. Wallahi ƙato mai taurin kai, kwana kaɗan za ka ji yana hira da bango. Turawan da suka fara tsara shi a Filadelfiya ta Amurka a 1829 da niyyar alheri suka yi, wai mutum ya kaɗaita ya yi nadama ya tuba. Hauka ya riƙa fitowa maimakon tuba. Yanzu akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da aka sa wa sunan Mandela: awa 22 ko fiye a rana ba tare da hulɗa ta kirki da mutane ba, shi ne wannan horo, kuma an haramta ya wuce kwana 15 a jere. An canja mana suna a 2019 mun koma gidan gyaran hali. Suna dai ya canja.

Mai Keke Uku: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karatu ban yi magana ba. Ni shan inna ta same ni ina yaro. Akwai jimlar da 'yan jarida ke so, "confined to a wheelchair", su kuma masu fassara su ce wai an ɗaure shi a keken guragu ko ya ƙare a keke. Ku daina. Kafin in samu keke, iyakata ƙofar gida. Da keke nake zuwa kasuwa, da shi nake zuwa masallacin Juma'a. Abin da ke tsare ni matakala ce a ƙofar banki da kwata marar murfi. Su kansu Turawan sun bar wannan jimla, "wheelchair user" suke cewa, mai amfani da keke.

Tafinta: Na karɓa Malam, kuma zan kai wa abokan aiki.

Ɗalibin Jami'a: Wata tambayar Baba Malam. A jarrabawa sukan rubuta "confine your answer to" abu kaza.

Tsohon Malamin Turanci: Ka taƙaita amsarka a kan abin, kada ka yi ta zuba. Shekara da shekaru ina jan layi da jan biro saboda wannan. Ka kuma kula da furuci: in aikatau ce nauyin na gaɓar ƙarshe, kan-FAIN. In suna ne mai nufin iyakoki, nauyin na farko, KON-fainz.

Injiniya: Tunda masana sun taru, ga aiki. A masana'antarmu an ce in sa a fassara allon gargaɗi mai cewa "Danger: confined space". Ana nufin wuri irin tankin mai, rijiya, sokawe, rumbun hatsi na ƙarfe: mutum na iya shiga, amma mashigar ƙarama ce kuma ba don zama aka yi shi ba. Haɗarin iska ne. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, in ta sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. A sokawe akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Shi ya sa za ku ji mutum ɗaya ya faɗi a rijiya, na biyu ya shiga ceto, na uku ya bi, a fito da gawa uku. Wani ya ba ni "killataccen wuri". Ya kuka gani?

Mai Gyaran Waya: Kullallen wuri.

Tafinta: Duka biyun ba su yi ba. Killataccen wuri zai sa lebura ya ɗauka wurin manya ne, ko wurin masu cuta. Kullalle kuma ga shi a buɗe yana gani, sai ya ce allon ƙarya yake. "Matsattsen wuri" ya fi kusa, amma tankin da ya kai ɗaki girma ba matsattse ba ne. A allon gargaɗi ba kalma ake fassarawa ba, abin da zai kashe mutum ake faɗa masa.

Ɗan Maraɗi: Kuma a sa da ajami. Yawancin masu haƙar rijiya da yasar masai da na sani allo suka yi, ba boko ba.

Tsohon Gandiroba: A ƙara da cewa kada a kunna janareto ko injin ban ruwa a ciki. Hayaƙinsa ba ya wari sosai amma kisa yake.

Injiniya: To ga abin da zan kai wa mai fenti, da boko da ajami: "HAƊARI. Iskar ciki na iya kisa. Kada ka shiga sai an auna iska, an ba ka izini, kuma akwai mai tsaronka a waje. In wani ya faɗi a ciki kada ka bi shi, kira taimako." Allon zai yi faɗi, sai dai su ƙara kuɗin falanki.